Zomon da Ya Ƙifta Ido Ɗaya

Da hantsi aka kawo wa 'yan sanda rahoton satar zomo da littafin sakamako daga ɗakin binciken ƙwaƙwalwa na jami'a. Insifekta ya tafi yana ƙunƙuni, wai shekara ashirin da kaki, yau shi ne cigiyar zomo.

Ya tarar da ɗalibar da aka yi wa satar, idonta ya kumbura.

"Yallaɓai, gobe masu jarraba ni za su zo. In babu shi, aikin shekara huɗu ya bi ruwa."

"Me ya raba shi da sauran zomaye?"

"Ƙararrawa nake kaɗawa, sannan in hura masa iska a ido. Da ya saba, ƙarar kaɗai kan sa shi ƙiftawa. Sai na yi masa tiyata a ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, ɓangaren hagu. Idon hagu ya manta darasin, na dama bai manta ba."

Ba a fasa kwaɗo ba. Makulli uku ne: nata, na mai kiwon dabbobin, da na Farfesa, malaminta da take kira Baba.

Mai kiwo ya rantse bai ga komai ba. Insifekta ya leƙa ɗakin sababbin zomaye, duk farare tas.

"Takarda ta ce goma aka kawo. Ya na ga sha ɗaya?"

Mutumin ya share gumi. "Farfesa ya ce in bar masa ɗakin nan."

Aka kira Farfesa, ya shigo yana murmushi.

"Kuskuren takarda ne. Waɗannan ba su taɓa jin ƙararrawa ba."

"To a kaɗa mu gani," in ji Insifekta.

Ɗalibar ta kaɗa. Goma suka ci gaba da tauna. Na ƙarshen keji ya ƙifta idon dama, na hagu yana buɗe.

Murmushin Farfesa ya gudu. A durowarsa aka samo littafin da lambar shaidar da aka cire daga kunnen zomon.

"Shekara talatin ina koyar da cewa irin wannan darasi ba ta ƙaramar ƙwaƙwalwa yake bi ba," ya ce. "Zomo ɗaya zai ƙaryata ni a gaban duniya?"

"Kai ka riƙe min fitila ranar tiyatar!" in ji ɗalibar.

"Na ɗauka ba za ki dace ba."

Insifekta ya taɓa kafaɗarsa. "Mu je ofis."

A bakin ƙofa Farfesa ya waiwayo. "'Yata, ki saurare ni."

Ta rungume zomonta, ba ta ɗago ba.

"Suna jiran ka, Farfesa," ta ce.