Baƙin Mai a Gindin Mangwaro

Shekarar da aka karya darajar sefa, komai ya ninka a Libreville ban da ƙarfin talaka. Mutane ba su gama farfaɗowa ba sai ga sanarwa: duk baƙon da ba shi da katin zama ya bar ƙasar kafin wa'adi.

Ɗanlaraba, mutumin Maraɗi mai kai kaya a unguwar Lalala, ba shi da kati. Abin da yake da shi mata ce, Ummussalma, da tsohon ciki, sai wani babur ɗan Ingila, BSA, wanda ya girme shi. Yana ji da babur ɗin nan kamar tsoka ɗaya a miya. Matar takan ce da babur na cin tuwo, da ita ce za ta riƙa kwana da yunwa. Shirinsa guda ne: ya goya ta su bi hanyar Bitam su tsallaka Kamaru, kada a cusa ta cikin jirgin ruwan korarru.

Saura kwana uku wa'adi ya cika, ya tura babur ɗin bayan gida, gindin wani tsohon mangwaro, don ya canza masa mai. Da rana jandarmomi na kame, shi ya sa ya bari sai gab da magariba. Ya ɗumama injin, ya kwance noti, baƙin mai ya tsiyaye cikin kwano yana tururi. Ya ɗaure, ya ɗura sabo.

Sai ya ji usur. Sai takun manyan takalma a lungu.

Kada su ga alamar mutum, ya suri kwanon ya watsa cikin wani rami a saiwar bishiyar. Tun yana yaro ya san ba a zubar da abu mai zafi a ƙasa sai da bismilla, balle da magariba. Tsoro ya mantar da shi.

Daga cikin ramin wani jariri ya tsala ihu.

Kwaɗin kwata duk suka yi tsit. Ƙaurin gashi ya cika wurin.

Ɗanlaraba ya buga babur ya fice ta bayan layi. Bai kai titi ba ya ji sirdin baya ya lotsa. Ya dubi madubi. Babu kowa.

Hannuwa biyu masu sanyi suka zagayo ƙugunsa. A tsakiyar bayansa kuma wani ɗan abu mai zafi yana motsi, yana shessheƙa.

"Bawan Allah," wata muryar mace ta raɗa masa, "ka ƙona mini ɗa."

"Ki yi mini rai, baiwar Allah. Wallahi ban sani ba."

"Ka sani. Kai mu wurin mai magani."

Ya taka birki, birki ya ƙi. Kan babur ya juya da kansa wajen Owendo, can bakin teku. Kwalta ta ƙare. Gidaje suka ƙare. Sai warin laka da ƙarnin teku.

Ruwa ya kai taya.

Ya kai gwiwa.

Ya soma Ayatul Kursiyyu, harshe na sarƙewa.

Babur ya tsaya cak. Nauyin ya sauka.

"Gobe warhaka ka sake kawo mu," in ji muryar. "Kullum, har ya warke. Ran da ka fasa, na cikin matarka zai biya."

Da jan ƙafa ya fito da babur ɗin daga laka, bayan rigarsa ya ƙone daidai faɗin jariri.

Ranar wa'adi shi da kansa ya raka Ummussalma bakin jirgin da ya yi ta gudar mata. Ta riƙe masa riga tana kuka.

"Maigida, a kan babur za ka bar ni? Ka yar da shi mu tafi!"

Ya kasa gaya mata. Ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, kuma bai taɓa jin ya tsani kansa kamar ranar ba.

Daga baya wasiƙa ta zo, ta sauka lafiya a Maraɗi, namiji. Bai taɓa ganinsa ba. Jandarmomi ma sun daina tsayar da shi, in ya zo shinge sai su kau da kai. Kullum da rana yana goge buji, yana ɗaure sarƙa da waya, yana bin masu gwangwan, dillalan tsofaffin ƙarafa, yana neman kayan da aka daina ƙerawa, domin in babur ya kwana bai tashi ba, ya san wanda zai biya.

Duk magariba in sirdin baya ya lotsa yakan tambaya a hankali, "Yaya jikin yaron?"

Shekara tara ke nan amsar ba ta canza ba.

"Da saura."