Famfon da Ba Ya Tari

Ana gab da magariba Yaya Nasiba ta same ni a ƙofar gida ina goge moto, babur ɗin aikina. Ta ce ruwan garka ya canza.

"Ya canza kamar yaya?"

"Kai ad da diplom, Zaidu. Ni dai na ga albasa na kwanciya, ruwan kuma na ƙarni. Tashi mu tai ka gani da idonka."

Ban daɗe da gama karatun makamashi a Yamai ba aka ɗauke ni cikin wani furoje, shirin tallafi na raba garake da injin gazuwal, wato man dizal. Rijiyar farko da muka taɓa ita ce ta matan ƙauyenmu, can cikin kwari, kudu da Filinge. Tsohuwar rijiyar siminti ce mai faɗin baki. Tun ina yaro wani baƙin inji ke jan ruwanta. Kafin ya tashi sai ya yi ta tari, ya tofar da hayaƙi, ƙasa ta girgiza, har cikin gari ana jinsa. Muka ture shi gefe, muka jera fanno, faifan gilashi masu shan rana, muka zura sabon famfo cikin ruwa. Shi wannan ba ya jiran kowa. Rana na taɓa gilashin yake soma ja, ba ƙara ko kaɗan. Ina son abin nan ƙwarai. Na riga na tsara a kaina yadda za mu bi injin niƙa, mu bi dispanser, ɗakin shan magani, mu bi ƙasar Kurfai kaf har Baleyara.

Yaya ta gyara goyon Ibrah, ɗan da ta samu bayan doguwar jira, wanda ko rarrafe bai soma ba. Ta hau bayana. Moton na furoje ne, mai batir.

"Wanga abu naka kamar ɓarawo," in ji ta. "Ko kaji ba su jin zuwanshi."

"Shi ne ci gaba, Yaya. Ba hayaƙi, ba hayaniya."

"To malam ci gaba, kauce wa ramin can kahin ka kashe min ɗa."

Muna dariya muka gangara kwari.

A bakin shinge na tsaya. Ƙamshin albasa da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tarye mu, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani ƙarni, irin na wurin da aka fede kifi. Kwaɗin da ke cika garkar nan da kuka kowace yamma duk sun yi shiru. Rana ta faɗi. Fannon sun koma baƙi ƙirin.

Ibrah ya soma kuka.

Na leƙa kwamin da ruwan ke zuba. Wani abu mai maiƙo na yawo a sama. Na kai hannu zan taɓa, Yaya ta riƙe rigata.

"Zaidu," ta ce a hankali. "Akwai mutum."

Mace ce zaune ƙarƙashin fannon, ta miƙe ƙafafu cikin rairayi. Zanenta a jiƙe sharkaf. Ruwa na bin gashinta yana ɗiga. A cinyarta akwai wani ƙunshi da aka naɗe da gansakuka.

Na yi sallama. Ta jefo mini tambaya.

"Ina mai tari?"

Muryar kamar daga cikin tulu take fitowa.

"Wa kike nufi, baiwar Allah?"

"Baƙin nan. Mai hayaƙi." Ta ɗago kai. Idonta ba ya ƙiftawa. "Da can, mai guga kan buga itacen bakin rijiya, ta ce gahwara, sannan ta zura. Da anka kawo mai tari kunka bar cewa. Ban yi hushi ba, tarinai ya ishe ni. In ya yi, in janye ɗiyana daga tsakiyar ruwa."

Ta shafa ƙunshin.

"Yau da sahe ban ji komi ba."

Ta buɗe gansakukar.

Ɗa ne ƙarami. Fatarsa fara kamar cikin kifi, yatsunsa dogaye. Rabin jikinsa babu.

Na ja da baya. Na ji Yaya tana son karanta addu'a, harshenta na sarƙewa.

"Ba mu sani ba," na ce. "Wallahi ba mu sani ba. Zan kashe famfon yanzu."

"Rana ta riga ka kashe shi."

"Zan maido da tarin. Kullum za ki ji shi."

Ta dube ni. Sannan ta nuna wata rumfar kwano a gefen rijiyar da haɓa.

"Tashe shi in ji."

Injin na nan inda muka ture shi, yana warin tsohon mai. Amma furojen na da doka. Duk injin da aka maye gurbinsa sai an huda cikinsa da ƙarfe, a ɗauki hoto a aika wa masu ba da tallafi, don su tabbata ba wanda zai sake ƙona gazuwal da shi. Makanikin furoje ya huda wannan a gabana. Ramin ya kai faɗin dunƙulen hannu.

Na sani. Duk da haka na kama hannun juyawar.

Na juya. Iska ta fita ta ramin, fuu.

"Ƙara," in ji ta.

Na ƙara. Fuu.

"Ƙara."

Tafin hannuna ya saluɓe. Ƙarfen ya yi santsi da jini. Ina juyawa ina roƙon injin nan kamar mutum, injin da na yi ta zagi a gaban mata ina ce masa mai kashe huhu.

Da na waiga, ba ta ƙarƙashin fanno.

Tana tsaye bayan Yaya. Ban ga tashinta ba. Ta fi shingen tsawo. Ta sunkuyo, tana leƙa goyon.

"Wanga na da lahiya," ta ce. "Yana jin kira in an kira shi?"

"Ki yi wa Allah," in ji Yaya, ba ta juya ba. "Shi ɗai gare ni."

"Ni ma wanga ne autana."

"Ɗauke ni. Ga ni," in ji Yaya.

"Mi zan yi da ke? Ke kin girma."

Ibrah na tsala kuka. Ta kai dogon yatsa ta shafi kumatunsa.

Kukan ya tsaya.

"Ku tahi," ta ce. "Duhu ya yi."

Ban san yadda muka hau moto ba. Na murɗa, muka haura gangaren, rairayi na jan ƙafar baya. Da injin mai ne, da ƙararsa ta rufe komai. Wannan ba ya rufe komai. Ina jin numfashin Yaya a wuyana. Ina jin ƙaya na karce ƙarfe.

Ina jin wani abu na ɗiga a bayanmu.

Ɗis. Ɗis.

"Zaidu."

"Na'am."

"Bayana na sanyi."

"Fitsari ne, Yaya."

Ɗis.

"Zaidu, Ibrah ya hi haka nauyi."

"Kada ki kwance. Mun kusa."

"Ba ya motsi."

"Barci yake. Kada ki kwance."

Ƙarnin ya biyo mu har gida.

Inna ce ta fito da fitila. Ta dubi fuskokinmu, ta zagaya bayan Yaya. Zanen goyon na nan yadda aka ɗaura shi, ƙullin bai motsa ba. Inna ta kwance shi da hannunta.

Gansakuka ta zubo ƙasa, da abin da ke cikinta.

Yaya ba ta yi ihu ba. Ta dai tsaya tana shafa bayanta, tana shafawa.

Maza sun koma rijiyar da igiyoyi da fitilu. An zura mutum har ƙasa, ya lalube, bai samu ko hular yaron ba. Abin da muka kawo kuwa, kafin liman ya iso ya narke, sai danshi a ƙasa.

Washegari kafin rana ta fito na cire wayar famfon. Amma garkar nan ita ke ciyar da gidaje da yawa, ga injin an huda, ga matan sun daɗe da rabuwa da guga. Albasa ta soma ƙonewa. Aka yi taro a ƙofar mai gari, aka yi addu'a, aka ce abin da ya faru ya faru. Yaya ta durƙusa a gabansu, ta ce da yamma tana jin dariyar yaro a cikin rijiyar, kuma ta san dariyar ɗanta. Wata daga cikin matan ta ce kowa ma na da ƴaƴa, kuma ci suke. Furoje ya aiko wani ya mayar da wayar. Yanzu rijiyarmu ce ake kai baƙi su gani.

Ni an mayar da ni biro, aikin ofis, a Filinge. Ina zuwa gida ranar hutu.

Kullum kafin rana ta taɓa gilashin, Yaya na bakin rijiya da guntun ƙarfe. Tana dukan simintin, tana kira cikin ramin: "Janye shi. Baiwar Allah, janye shi, za a ja." Muryarta ta dushe tuntuni.

Da rani sau ɗaya take yi, ta koma gida. Da damina kuwa famfon kan tsaya in girgije ya rufe rana, ya tashi da kansa in ya wuce. Irin wannan ranar ba ta cin abinci, ba ta zama. Tana tsaye, ƙarfen a hannu, kanta a sama, tana bin kowane girgije da ido.