Dalma a Safar Nicasio

Ranar da aka fito da Nicasio Zulueta daga gidan yarin garin Matanzas, matarsa Casilda ce kaɗai a bakin ƙofa, babu goyo a hannunta. Ya dubi hannun nata, ya dubi fuskarta, bai tambaya ba. Sai da suka yi nisa ta gaya masa zazzaɓi ya tafi da 'yarsu tun damina. Ya gyaɗa kai kawai, suka ci gaba da tafiya...

Maraya ne, ya tashi a gidan kawunsa Melquiades, yana dakon buhunan sukari a bakin teku, har ƙarfinsa ya kai shi fagen dambe. A lokacin Turawan garin ba sa yarda baƙar fata ya nemi kambun ajin masu nauyi, shi ne na farko da aka bari, don sun ɗauka zai sha kashi. Sai ya kwantar da zakaransu, Ramiro Aldama, ya fasa masa muƙamuƙi. Washegari Melquiades, kawun da ya ɗaura wa Nicasio safar dambe da hannunsa, wanda masu shirya wasan suka yi wa alkawarin babban matsayi, ya rantse gaban alƙali cewa Nicasio ya cusa dalma a ciki. Aka ƙwace kambun, aka ɗaure shi. Ramiro kuwa danginsa sun kai shi ƙasar Sifen jinya, bai san abin da ya faru ba.

Bayan ya fito daga kurkuku, Nicasio ya koma dako. Abokan aiki suna kiransa Mai Dalma, maƙwabta suka daina kawo wa Casilda wanki. Kullum tana durƙushe a coci tana kuka, tana roƙon Allah ya dube su, shi kuwa ko hawaye babu. Sai dai ya ci shinkafa da wake, ya zauna yana kallon bango.

Bayan shekaru Ramiro ya dawo, ya ji labari, ya tafi kotu da kansa.

"Na sha naushi duk rayuwata, na san na dalma," in ji shi. "Hannun mutumin nan ne ya karya ni, ba komai a ciki."

Aka matsa wa Melquiades da tambaya har ya fallasa kansa da waɗanda suka sa shi. Da za a wuce da shi kurkuku ya kama rigar Nicasio.

"Ɗana, ni na raine ka..."

"Haka ne, Kawu," in ji Nicasio, ya zare rigarsa a hankali.

Aka mayar masa da kambunsa gaban jama'ar gari, aka ba shi aikin horar da matasa. Da suka isa gida ya zauna a bakin gado, ya ce, "Casilda, 'yarmu ta fara tafiya kafin ta rasu?"

Ta ce ta fara, har tana gudu. A nan ya kifa kai a cinyarta, ya yi kuka.