Kunun Ranar Noman Surukai

Ranar da mawaƙa huɗu na garin Wara suka zo cocin ƙauyensu, Dokas ba ta kula da ukun ba. Na huɗun ta zuba wa ido, siririn nan mai gyaran injin kwalekwale, Gidiyon. Da ya saki muryarsa ta ƙasa, sai da bencin da take kai ya yi rawa. Waƙar gidan sama suka yi, inda ba a sake rabuwa.

Tun rasuwar Innarta bara, ranar ta fara kuka mai sanyaya zuciya.

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta: "Mai farin ɗankwali, na sa ki kuka. A yafe mini."

Ta mayar: "Ban yafe ba, Mai Tsawa. Ka dawo Lahadi ka ƙara."

Wata huɗu ya yi yana dawowa. Amma da iyayensa suka zo tambaya, mahaifinta Baba Tamada ya ɗaure fuska.

"Mutumin da bai da zance sai sama, mi zai ciyar da ɗiyata a ƙasa? Ga Dogo nan, manomi ɗan manomi. Su shiga gonata ran Asabar, garma ta raba su."

Al'adar ke nan: masu neman aure su yi wa uba noma, yarinya ta kawo kunu, uban ya nuna wanda za ta miƙa wa ƙwaryar.

Kafin rana ta take, Dogo ya tayar da kunya goma sha biyu. Gidiyon na kan ta huɗu, a karkace, tafin hannunsa duk ya fashe.

"Mawaƙi!" in ji Dogo. "Ko a kira mala'iku su kama maka?"

Gidiyon ya sake ɗaga garma. Waƙar nan ya ɗauko ƙasa-ƙasa, yana sara a kan kowane baiti. Abokansa uku da ke bakin gona suka amsa, muryoyi huɗu suka haɗu.

Baba Tamada ya daka tsawa: "Ku yi mini shiru!" Ya nuna Dogo. "Dokas, kai mai."

Ta ɗauki ƙwaryar. Ta wuce Dogo ko kallo babu, ta durƙusa gaban Gidiyon. Sannan ta juya ga mahaifinta.

"Baba, ban taɓa ƙetare maganarka ba, yau kam na ƙetare. Ba nomansa ka ƙi ba. Tun da aka rufe Inna ba ka son a ambaci sama a gabanka, coci ma ka bari. Ni kuwa ina son mijin da zai riƙa tuna mini zan sake ganinta. Dawa, ni na iya nomanta."

Tsohon ya daɗe yana kallon jinin da ke jikin ƙotar garmar. Sannan ya share ido da bakin riga.

"Kai, yaro. Wurin da ka ce ba a rabuwa, sake rera shi. A hankali."

Bayan girbi aka ɗaura auren. Mutum uku suka tsaya yin waƙa, tunda na huɗun na zaune kusa da amaryarsa. Da aka zo wurin muryar ƙasa, daga bencin baya aka ji tsohuwar muryar Baba Tamada ta cike gurbin, tana rawa amma ba ta tsaya ba.

Dokas ta matse hannun mijinta. Allah ya zaunar da su lafiya, ya sada su duka a can.