Harafin da Bakina Ya Kasa

Ya ajiye wayarsa a kan teburin ɗakin ɗaukar murya, ya turo min ita da yatsa ɗaya.

"Tausayina kike ji?" Abin da ya rubuta ke nan.

Na ɗago na kalle shi. Idanunsa sun kaɗa sun yi jajir.

"Wa ya faɗa maka haka, masoyi?"

Ya fizgi wayar ya sake rubutu. "Dogo ya ce kowa ya sani. Daidai bakina kika yanka yaren nan."

Dogo! Wallahi da yana kusa da sai na kwaɗa masa makirufo a ka.

Mai Murya ake kiran masoyina a kamfaninmu na finafinan zane na yara. Shi ne zaki, shi ne tsoho, shi ne kyanwa. Ana shirin aurenmu likitoci suka gano ƙari a harshensa, suka yanke gefe guda. Ya tashi, alhamdulillahi, amma "r" ta tafi, "s" ta bi ta, "ts" kuwa ba a magana. Tun daga nan ya kulle bakinsa a gaban mutane, ya koma rubutu a waya.

Sai darakta ya ba ni aikin ƙirƙiro yaren mutanen ƙarƙashin teku na sabon fim. Ni kuwa duk zuwan da zan yi duba shi, kunnena a buɗe yake. Idan yana kiran ƙanwarsa, ko yana addu'a a hankali, ina ji. Leɓɓansa lafiya lau, "m" da "b" da "w" suna fita tsaf. "K" da "g" da "h" ma haka. Na tattara waɗannan, na zubar da duk sautin da ke neman tsinin harshe. Darakta ya saurara ya ce kamar ana hira a cikin ruwa, har da tafi.

A gida kuwa Mama ta sa ni gaba.

"Ke da bakinki ba ya hutawa, za ki auri wanda sai da waya zai ce miki ina kwana? Ki yi wa kanki faɗa!"

Dogo, abokin aikinmu, ya mayar da falonmu wurin zuwansa, kullum yana durƙushe gaban Mama. Muryar sarkin teku na fim ɗin, wadda aka ware wa Mai Murya, yake so, ya haɗa da ni.

Yanzu ga Mai Murya yana jiran amsa, ni kuma ban iya masa ƙarya ba.

"Eh," na ce. "Daidai bakinka na yanka shi."

Ya miƙe. Ya rubuta, "To ki nemi wani. A fim ɗin, da kuma a gidanki."

Na riga shi ƙofa na tare.

"Ba inda za ka! Dubi allon can."

Haruffan yaren suna jere a jikin farin allo. Na nuna masa na ƙarshe, ɗan layi mai lanƙwasa a wutsiya.

"Kowa a nan ya iya sauran. Wannan fa? Saurara ka ji."

Na cika baki da iska na gwada. Abin da ya fito kamar kaza ta shaƙe da tsaba. Na sake, har da yawu.

Ya so ya daure, dariyar ta ƙwace masa.

"Yi dariyarka," na ce, hawaye na zubo min. "Kullum ina gaban madubi ina fama, har Mama ta fara tofa min addu'a. Dogo ma ya gwada, darakta ya ce ya sha ruwa ya huta."

Ya ɗaga gira, alamar tambaya.

"Naka ne, masoyi... Duk sanda ka zo kiran sunana, iska na bi ta gefen da aka yanke, sai wani sauti ya fito, mai laushi. Ban taɓa jin sa a wani yare ba. Ranar da na fara jin sa a asibiti, fita na yi na yi kuka, don daɗi. Shi na fara sawa, sauran haruffan duk rakiya suka yi masa."

Ya matsa kusa da allon ya ƙura wa harafin ido. Sannu a hankali ya kai yatsa ƙarƙashin haɓarsa, inda tabon ɗinkin yake. Lanƙwasarsu ɗaya.

"Ba tausayinka nake ji ba. Son ka nake, kuma na gaji da karanta ka. Muryarka nake so!"

Sannan ya kife wayar a kan tebur, ya buɗe baki ya kira sunana.

Ranar hutu ya zo gidanmu, ya bar wayar a mota. Ya durƙusa gaban Mama ya fara magana da bakinsa, kalma bayan kalma, gumi na tsattsafo masa a goshi. Ina bayan labule ina murɗa gefen mayafina. Wani wurin ya sarƙe, ya koma baya ya sake. Mama, wadda ba ta barin kowa ya kai aya, ba ta katse shi ko sau ɗaya ba.

Da ya gama ta share ido da bakin zani.

"Na ji ka, ɗana. Duka na ji. Ka turo manyanka."

Shi ya yi sarkin teku. Yara a layinmu suna ta kwaikwayonsa, babu wanda ya dace. Ni ma har yau ban iya ba, ga shi muna gida ɗaya, kullum da safe yana koya min yana dariya.

Ban kuma yi gaggawar iyawa ba. Idan na ji sautin nan daga ɗaki, na san ni ake kira.