Kwantsar Ɗan Dungu

Bayan la'asar Harisu mai lambun rake ya sa wa karensa igiya, suka kama hanyar Tsauni. Shekara goma sha ɗaya Ɗan Dungu yana yi masa gadin lambu. Yanzu wata yana ta rufe wa karen ido duka biyu, fari fat kamar kindirmo. Likitan dabbobi na Matameye ya ce tsufa ne, ba magani. Sau biyu yana faɗawa rijiya, ran Talata kuma ya ciji jikar maƙwabci da ta taka shi. Unguwa ta ce a kashe. Harisu ya ce hannunsa ba zai iya ba, gara ya kai shi daji. Ka ji tausayin ɗan Adam.

Rana na faɗuwa ya ɗaure shi a gindin wata tsamiya. Kare sai kaɗa wutsiya yake, a zatonsa farauta aka zo. Harisu ya tsuguna, ya share masa kwantsa da yatsa kamar kullum.

"Yafe mini, tsoho," ya ce a hankali.

Hawaye suka zubo masa. Ya goge da yatsan nan.

Ko yaro ya san wanda kwantsar kare ta shiga idonsa zai ga aljanu. Baƙin ciki ne ya mantar da shi.

Kukan gyare ya ɗauke. Wani ƙauri ya taso, kamar gashi a wuta.

Ya ɗaga kai.

Suna zaune a kan rassan, dogaye, ƙafafunsu na reto har ƙasa.

"Wannan yana ganinmu," ɗaya ta raɗa.

Suka fara saukowa.

Makahon karen da ba ya ganin tuwo a gabansa ya shiga tsakani, yana haushi daidai inda suke.

Harisu ya kama ƙullin igiyar. Ƙullin guga ya yi masa, ya ƙi kwantuwa. Wani abu mai sanyi ya taɓa masa ƙeya.

Ya ruga yana a'uziyya.

Haushi a bayansa. Kuka ɗaya. Shiru.

Da safe ya koma, ya tarar da karen a mace, igiya ta ci wuyansa. Ya saɓo shi a kafaɗa, ya binne a lambu, ya yi kuka kamar wanda ya rasa ɗa.

Idon Harisu bai koma daidai ba. Duk magariba yakan gan su tsaye a bakin darni, suna leƙo shi. Maƙwabta sun ce ya nemi wani kare.

"In kai shi ina in ya tsufa?" in ji shi.