Nyevu da Kifi Mai Ƙayoyi

A makarantar su Nyevu, a bakin teku kusa da Kilifi, akwai wani babban tankin gilashi. Tsawonsa ya kai na tebur biyu. Ruwan teku ne a cikinsa, da murjani mai rai, da ƙananan kifaye. 'Yan aji shida ne ke kula da shi. Nyevu ce shugabarsu, mabuɗin ɗakin ma a hannunta yake.

Wata ranar Laraba, Malama Mishi mai koyar da kimiyya ta shigo da albishir.

"Nan da mako uku alƙalai za su zagaya makarantun gaɓar teku," in ji ta. "Ajin da tankinsa ya fi kyau, shi zai ɗauki kofi."

Aji ya kaure da murna. Amma Kadzo, ƙawar Nyevu, ta taɓe baki.

"An ce makarantar tsallaken rafi suna da kifi kamar faranti," ta ce. "Mu kuwa namu duk 'yan mitsi-mitsi kamar wake."

Maganar nan ta tsaya wa Nyevu a rai.

Ranar Juma'a da yamma ta biya rumfar kawunta Charo. Shi sana'arsa nutso cikin teku, yana kamo kifayen ado. A cikin wani bokiti mai murfi ta ga kifin da ba ta taɓa ganin irinsa ba. Jikinsa ratsi-ratsi ne, ja da fari. Ƙayoyinsa dogaye sun baje kamar mafici.

"Kawu, don Allah ba ni wannan!"

"Wannan kifin chale? Ko kusa," in ji Kawu Charo. "Duk abin da ya shiga bakinsa, abinci ne."

"Ai za mu riƙa ba shi abinci har ya ƙoshi."

"Ke dai na ce a'a, 'yar nan. Ga mahamri can, soyayyen burodi, ɗauki biyu ki wuce gida."

Ya juya ya nufi wajen kwalekwalensa. Nyevu ta dubi hagu, ta dubi dama. Ba ta ɗauki mahamri ba. Bokitin ta ɗauka.

Ta buɗe ɗakin kimiyya, ta juye kifin a tanki. Ya baje ƙayoyinsa yana yawo a hankali kamar sarki. Nyevu ta yi tsalle don daɗi.

"Kofi namu ne!" ta ce. Ta kulle ƙofa ta tafi.

Ranar Litinin da safe yara suka taru a gaban tanki. Babu wanda ya yi tafi. Shuɗayen kifaye biyar ne da, yanzu saura ɗaya. Jatan lande masu jan baya guda biyu sun ɓace. Sauran kifayen duk sun shige ƙarƙashin murjani. Baƙon kifi kaɗai ke yawo, cikinsa ya yi tim.

Kadzo ta fashe da kuka. "Ya cinye Ɗigo! Ni na raɗa masa suna!"

Malama Mishi ta dubi yaran ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya saka wannan kifi a nan?"

Nyevu ta sunkuyar da kai.

"To, ku kira mini Baba Kenga maigadi," in ji Malama. "Shi kaɗai ne a makaranta Asabar da Lahadi. Zai yi bayani a gaban hedimasta."

Nyevu ta tuna tsohon nan da ke buɗe musu ƙofa kullum da fara'a. Ta miƙe.

"Malama, kada a kira shi. Ni ce."

"Ke, Nyevu? Wa ya ba ki izini?"

"Babu kowa. Kawuna ma ya hana ni. Na ga yana da kyau ne kawai."

Malama ta miƙa hannu. "Kawo mabuɗin. Daga yau Kadzo ce shugaba. Na ji daɗi da kika faɗi gaskiya, amma gaskiyar ba za ta dawo da kifayen ba. Je ki faɗa wa kawunki da bakinki."

Da Kawu Charo ya ji, bai fara da faɗa ba. Hannuwanta ya kama yana dubawa.

"Bai soke ki ba? Ƙayar nan dafi gare ta! Da yanzu kina asibiti." Sai ya girgiza kai. "Kwana biyu ina zargin kyanwar maƙwabta, ashe ɓarauniyar mai ƙafa biyu ce."

"Ka yafe mini, Kawu."

"Na yafe. Amma ranar Asabar, idan ruwa ya janye, ki zo. Ki taho da ƙawarki mai kukan nan."

A ranar Litinin ɗin ya je makaranta da raga, ya cire chalen.

Ranar Asabar ya ba su tabarau na nutso. Suka kwanta a kan ruwa mara zurfi, fuskokinsu a ciki. Da suka ɗago, ya ce, "Me kuka gani?"

"Wani ɗan kifi yana gadin rami," in ji Nyevu. "Jatan lande kuma na fitar da yashi daga ciki."

"Maƙwabtan kirki ke nan. Ɗaya ya haƙa gida, ɗaya ya yi gadi. Ku sake dubawa."

Suka ga wani siririn kifi yana tsince ƙazanta a jikin manya, su kuma sun tsaya masa cak. Suka ga wani ɗan baƙin kifi yana korar duk wanda ya matso dutsensa. Kadzo ta nuna wani mai ruwan ɗorawa.

"Kawu, wancan fa? Kai, ya haɗu!"

Nyevu ta riƙe hannunta. "Dakata mu ga abin da yake ci."

Suka jira. Can sai kifin ya sa baki yana tsinkar murjani.

"A'a," in ji Nyevu. "Wannan zai cinye mana murjani."

Kawu Charo ya yi dariya. "Yau kam kai ya fara aiki."

Nyevu ta sami littafi. Kowane kifi sai ta rubuta abin da yake ci, da girman da zai kai, da ko mafaɗaci ne. Wanda ba ta sani ba, sai ta tambayi Malama. Kawu ya kamo waɗanda suka zaɓa. Sai da kifayen suka yi mako guda a wani ƙaramin tanki, aka tabbatar lafiyarsu ƙalau. Sannan aka fara sa masu sanyin hali, su kama gidajensu. Mai ɗan zafin rai shi ya shiga daga ƙarshe.

Ranar gasa, alƙalai uku suka zo. Babbarsu wata dattijuwa ce mai farin gilashi. Ta daɗe tsaye a gaban tankin. Kowane kifi ya fito fili. Wasu na sama, wasu na tsakiya, mai gadin rami na ƙasa da abokinsa.

"Tanki bakwai na gani a makon nan," in ji ta. "A wasu, kifayen manya ne, amma duk a ɓoye suke, jelarsu a yayyage. Wa ya zaɓi waɗannan?"

Kadzo ta tura Nyevu gaba. "Ga ta nan, Mama."

"Me ya sa babu babban kifi ko ɗaya?" dattijuwar ta tambaya.

"Na taɓa sa wani, Mama. Ya cinye mana guda shida." Nyevu ta miƙa mata littafinta. "Yanzu kafin in dubi kyan kifi, sai na san da wa zai iya zama."

Dattijuwar ta buɗe shafi bayan shafi. Ta nuna wa sauran alƙalan, suka gyaɗa kai.

Bayan kwana biyu hedimasta ya tara makaranta duka. Ya ɗaga kofi sama.

"'Yan aji shida sun zo na ɗaya!"

Ihu ya tashi har masunta a bakin ruwa suka juyo. Yara suka ɗaga Nyevu da Kadzo sama suna zagaya fili da su. Malama Mishi tana dariya tana cewa, "A hankali! Kada ku yar mini da su!"

Da aka natsu, Malama ta ce, "Nyevu, faɗa wa ƙannenki abin da kika koya."

Nyevu ta rungume kofin ta ce, "Idan babba ya hana ku abu, ku tambayi dalili, kada ku yi a ɓoye. Kuma kyau kaɗai bai isa ba. Ko kifi ne, ko aboki, a fara duba halinsa."